Yaron Da Ya Ɓata Bango Da Sarkin Da Ya Ɓata Zane

 A wannan karon za mu yi nisan kiwo, don sai mun leƙa Amurka da ƙasar Sin kafin mu dawo gida. Amma abin da ya jawo tafiyar a ƙofar gidan maƙwabcina ya faru, nan cikin zango.

Maƙwabcin nawa wani Alhaji ne ɗan kasuwa, wanda yakan je birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya. A tafiyarsa ta bara wani Basine abokin cinikinsa ya ba shi tsarabar wani zane a nannaɗe kamar tabarma, ya zo ya rataye shi a zaure. Baƙar tawada ce zalla a kan farar takarda, ga duwatsu sun yi sama, ga hazo ya rufe gindinsu, can ƙasa kuma wani ɗan mitsitsin mutum a cikin kwalekwale. A gefe akwai rubutun Sinanci layi uku daga sama zuwa ƙasa, da jan hatimi guda biyu. Duk baƙon da ya shigo sai Alhaji ya nuna masa. To, ran nan sai aka wayi gari an fesa wa katangar gidan shuɗin fenti daga waje, wasu manyan haruffa sun sarƙe da juna, ba mai iya cewa ga abin da aka rubuta. Ba a daɗe ana cigiya ba aka gano mai aikin, wani yaro ne ɗan shekara 16 daga layin bayanmu, hannunsa ma bai gama wankuwa ba.

Aka kawo shi zaure, Alhaji ya aika aka kira ni. Ya ce, "Malam, zo ka ga ta'asa. Kuɗi na kashe na yi wa katangar nan fenti kafin salla, yaron nan ya zo ya cika ta da shirmen da ba mai iya karantawa." Yaro na durƙushe, kansa a ƙasa. Can sai ya ɗaga ido ya dubi abin da ke rataye, ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri, na yi laifi. Amma ai wannan da ka rataye ma ba wanda ya iya karanta shi a nan." Yayansa ya kai masa ranƙwashi, ni ma na tsawata masa, don ba haka ake magana da manya ba. Sai dai da na koma gida maganar ta ƙi barina. Shin mene ne ya sa muke girmama na cikin zaure, muke tir da na waje, alhali duka biyun ba mu iya karanta su ba?

Abin da yaron ya yi shi ake kira girafiti, wato rubutu ko zane a bangon da ba a ba ka izini ba. Irin wannan na gwangwanin fenti da samarinmu ke kwaikwaya a biranen Filadelfiya da Niyok na Amurka ya tashi, a ƙarshen shekarun 1960. Wani saurayi ɗan asalin ƙasar Girka, wanda aikinsa kai saƙo ne a cikin Niyok, ya riƙa rubuta TAKI 183 duk inda ya bi, wato laƙabinsa da lambar titinsu. A watan Yuli na 1971 jaridar New York Times ta buga labarinsa, daga nan abin ya zama ruwan dare. Yaran unguwannin talakawa suka riƙa sulalewa da dare inda ake ajiye jiragen ƙasa na cikin birni, suna fesa sunayensu tun daga wannan ƙarshen tarago har zuwa wancan. Da safe sai jirgi ya ɗauki sunan yaron da ba wanda ya san da zamansa ya zaga birni da shi. Hukuma ta daɗe tana fama, har a 1984 ta soma wani tsari na hana taragon da aka fesa fita aiki sai an wanke shi, a watan Mayu na 1989 kuma ta ba da sanarwar cewa jiragenta sun fita fes. Amma kafin nan salon ya riga ya tsallaka teku ya bazu a duniya.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan samari marubuta suke kiran kansu, domin harafi shi ne jarinsu. Sabon shiga yakan fara da sa hannu kawai, ya cika littafi bayan littafi yana gwada yadda zai lanƙwasa harafi. Daga nan ya kai ga manyan haruffa masu launi biyu, sannan babban aiki mai launuka da yawa wanda sai ɗan hannu ke iya warware shi. Suna da manya da ƙanana a cikinsu, kuma ƙaramin da ya fesa a kan aikin babba ya nemi rigima.

Yanzu mu juya ga abin da ke rataye a zauren Alhaji. Sinawa suna da wata tsohuwar magana cewa rubutu da zane tushensu ɗaya, kuma kayan aikinsu ma ɗaya ne, guda huɗu: alƙalami na gashin dabba, da tawada, da takarda, da dutsen niƙa tawada. Tawadar curi ce ta baƙin hayaƙi da aka cuɗa da danƙon fata, sai an goga ta a kan dutsen da ɗan ruwa kafin a yi aiki da ita. Takardar da suka fi ji da ita a gundumar Jing ta lardin Anhui ake yin ta, da ɓawon wani itace da karan shinkafa, har hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin ta cikin jerin kayan gadon duniya a 2009. Wannan takarda tana shanye tawada nan take, saboda haka babu gogewa, babu gyara. In hannu ya yi rawa, rawar nan za ta zauna kowa ya gani. Yaro yakan fara da bin sawun jajayen haruffa da baƙar tawada, sannan ya yi shekaru yana kwafar hannun magabata. Akwai wani harafi guda mai ma'anar dawwama wanda ya ƙunshi jan layi iri takwas, shi ɗalibai ke ta maimaitawa. Wanda ya iya jan waɗannan layuka shi zai iya zana ganyen gora da reshen itace, don motsin hannun bai sauya ba.

To, ga kama ta farko ke nan. Mai gwangwani ma ba shi da abin gogewa. In ya matsa kusa da bango layi ya fito siriri, in ya ja baya ya buɗe, in ya yi nawa fenti ya zuba ya yi hawaye. Kamar yadda masanin tawada zai dubi layi ɗaya ya gane ko hannun gwani ne ko na ɗan koyo, haka su ma marubutan bango suke gane junansu. Dukansu da dukkan dantse suke ja, kuma dukansu sau ɗaya ake ba su dama.

Kama ta biyu ita ce sa suna, kuma a nan ne sarkin da na ambata a kanun wannan fili ya shigo. A al'adar Sinawa mai zane yakan buga jan hatiminsa, wanda ya mallaki zanen daga baya shi ma ya buga nasa, abokai su ƙara rubutu a gefe. A wajen shekara ta 1350 wani dattijo mai kimanin shekara 80, Huang Gongwang, ya kammala zanen tsaunukan Fuchun, wanda Sinawa ke lissafawa cikin mafi daraja da suka gada. Bayan kusan shekara 400 sai irinsa guda biyu suka shigo fadar sarki Qianlong, ɗaya na gaske, ɗaya kwaikwayo. Sarki ya duba ya yanke hukunci cewa na kwaikwayon shi ne na gaske. Ya riƙa tafiya da shi duk inda za shi, kuma duk lokacin da wani tunani ya zo masa sai ya rubuta a kai ya buga hatimi, har sau fiye da 50, sai da sararin sama da ruwan da ke cikin zanen suka cika da rubutunsa. Na gasken kuwa, da yake an raina shi, sai ya tsira da ɗan rubutu kaɗan. Yau duka biyun suna gidan adana kayan tarihi na birnin Taipei. Jama'a, in ba don rawani ba, me ya raba aikin wannan sarki da na yaron layin bayanmu? Kowannensu ya ga farin wuri ne ya ce bari in sa sunana.

Kama ta uku, su kansu Sinawa ba baƙi ba ne ga rubutun bango. A zamanin daulolin Tang da Song mawaƙa kan rubuta baitoci a bangon masauki da na wuraren ibada, matafiyin da ya zo daga baya ya karanta, wani lokaci ma ya ba da amsa a ƙasa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin Su Shi da yaran makaranta ke haddacewa har yau, a bangon wani wurin ibada da ke dutsen Lu ya rubuta ta a 1084. Da Sinawa suka tafi ci-rani Amurka sun tafi da wannan al'ada. Daga 1910 zuwa 1940 an riƙa tsare masu shigowa a tsibirin Angel da ke bakin ruwan San Francisco, wasu makonni, wasu watanni, ana yi musu tambayoyi a ƙarƙashin dokar hana Sinawa shiga ta 1882. Suka rubuta, suka kuma sassaƙa waƙoƙi fiye da 200 a jikin katakon ɗakunan da aka kulle su. Masu gadi suka yi ta shafewa da fenti. A 1970, ana shirin rushe ginin, wani ma'aikaci ya lura da rubutun, dalilin da ya sa ginin ya tsira ke nan, yau har ziyara ake kai masa. Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta 1969 a ƙasar nan ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ke zuciyar mutumin da ake tambayarsa takarda ba shi da ita.

A zamaninmu akwai mutum biyu da suka haɗa al'adun nan biyu wuri guda. Na farko Tsang Tsou Choi, wanda aka haifa a 1921, talaka mai aikin kwasar shara a Hong Kong. Ya yi imani cewa yankin Kowloon ƙasar kakanninsa ce aka ƙwace, ya naɗa kansa sarkin wurin. Tun daga wajen 1956 ya ɗauki alƙalamin gashi da baƙar tawada yana rubuta sunansa da jerin sunayen kakanninsa da na iyalinsa a jikin turakun fitila, da akwatunan lantarki, da ginshiƙan gada. Ma'aikata su shafe, ya dawo ya sake, haka aka yi ta yi kusan shekara 50, har lokacin da sai da sanduna yake tafiya. Mutane da yawa mahaukaci suka ɗauke shi. Amma a 2003 aka nuna aikinsa a babban bikin zane na birnin Venice a Italiya, kuma da ya rasu a 2007 jama'a suka tashi suna neman a bar ɗan abin da ya rage. Wani ginshiƙi da ya rubuta a mashigar jirgin ruwa ta Tsim Sha Tsui sai da aka yi masa rufi don kada ya goge.

Na biyu Zhang Dali, wanda aka haifa a 1963, kuma ya yi karatun zane a Bejin. Ya zauna a birnin Bologna na Italiya bayan 1989, a can ya ga girafiti. Da ya koma Bejin a 1995 ya tarar ana rushe tsofaffin unguwanni, duk gidan da za a rushe an shafa masa wani babban harafi a cikin da'ira mai ma'anar "a rushe". Mu ma a nan mun san jan fentin da akan wayi gari a gani a bango, da yadda gaban mai gida ke faɗuwa. Zhang ya riƙa fita da dare a kan keke yana fesa siffar kan mutum mai sanƙo da layi ɗaya tak, har fiye da 2,000 tsakanin 1995 da 1998. Daga baya ya riƙa fasa bangon daidai da siffar kan, ta yadda in ka leƙa ta ramin za ka hango dogayen benaye na zamani, ko rufin tsohuwar fada. Bangayen sun tafi, hotunan da ya ɗauka ne suka rage a gidajen nunin zane. Tambayar da ya bari ita ce, tsakanin harafin hukuma da nasa zanen, wanne ne ya ɓata birni?

Game da rashin iya karantawa kuwa, yaron nan yana da 'yar gaskiya. Akwai wani salon rubutun gudu na Sinawa wanda haruffa ke narkewa cikin juna, har yawancin Sinawa ba sa iya karanta shi, amma suna rataye shi don kyan hannun. Wani mai zane, Xu Bing, ya kai abin ƙarshe. Tsakanin 1987 da 1991 ya sassaƙa haruffa kimanin 4,000 da hannunsa a katako, ya buga littattafai da manyan takardu da su, alhali ko ɗaya babu shi a cikin Sinanci. Malamai suka yi ta zuwa suna neman harafi guda na gaske. Shi kuma Wu Guanzhong, wanda ya yi karatu a Faris kuma aka nuna aikinsa a babban gidan tarihi na Birtaniya a Landan a 1992, ya tayar da ƙura da ya ce alƙalami da tawada ba su da wata daraja in aka raba su da zanen da suke yi wa hidima. Wasu zanensa na ƙarshen rayuwa layuka ne da ɗige-ɗigen launi sun yamutse, wanda in da a katangar Alhaji aka gan su da an nemi yaron da ya yi.

Sai dai kuma kada samarinmu su karanta wannan su ce na ba su lasisi, domin akwai bambanci, kuma babba ne. Na farko shi ne shekarun da ke bayan layin. Qi Baishi, wanda ya rayu daga 1864 zuwa 1957, ɗan manoma ne daga lardin Hunan, da aikin kafinta ya fara. Ya samu wani tsohon littafin koyon zane ya kwafe shi shafi-shafi. Jatanlanden da ya yi suna da su, a kwano yake ajiye masu rai yana kallon yadda suke motsi, ya yi shekaru yana rage layuka har ya zamana da ɗan ja kaɗan za ka rantse suna iyo. Saurin hannunsa a tsufa ya biyo bayan haƙurin da ya yi a ƙuruciya. Yaron da ya ga hoto a waya jiya ya sayi gwangwani yau bai biya wannan kuɗin ba tukuna. Haka kuma mai tawada ya san inda zai tsaya. Hazon da ke zanen Alhaji ba zana shi aka yi ba, farar takarda ce aka bari. Mai girafiti kuwa cika wuri yake yi, don an haifi salonsa ne a jikin jirgi mai gudu inda dole a gan ka cikin ƙiftawar ido.

Bambanci na biyu shi ne izini. Takarda ta mai zane ce, katanga kuwa ta wani ce, shi ya sayi bulo, shi ya biya mai fenti. Ko a ƙasar Sin bango bai taɓa zama na kowa da kowa ba. A ƙarshen 1978 mutanen Bejin suka riƙa liƙa manyan takardu na koke a wani bango a unguwar Xidan, wani mai gyaran lantarki, Wei Jingsheng, ya liƙa tasa yana neman dimokuraɗiyya, a 1979 aka ɗaure shi shekara 15, aka kuma rufe bangon. Amma a 2007 hukumar birnin Chongqing da kanta ta ɗauki nauyin fente gine-ginen titin Huangjueping, fiye da kilomita guda, kusa da makarantar koyon zane. Wato ba fentin ne laifi ba, abin da ake dubawa shi ne wa ya yarda, kuma me aka faɗa. Tsofaffin Sinawa kuma sun samo wata dabara tun shekarun 1990. Da sassafe sukan fita wuraren shaƙatawa da bokitin ruwa da dogon alƙalami mai kan soso, su yi ta rubutu a kan daɓe, jama'a na kallo suna yabawa ko suna gyara musu. Kafin hantsi rana ta busar da shi, ba a ɓata wa kowa komai ba, hannu kuma ya ƙaru.

Kasuwa ita ba ruwanta da wannan muhawara. A watan Mayu na 2017 aka yi gwanjon wani zanen Jean-Michel Basquiat, wanda ya fara da rubutu a bangayen Niyok, a kan dala miliyan 110.5. A watan Disamba na shekarar aka sayar da jerin zanen duwatsu goma sha biyu na Qi Baishi a Bejin a kan yuan miliyan 931.5, wajen dala miliyan 140. Ba wanda ya ga ko kwabo a cikinsu, don a lokacin kafinta ya yi shekara 60 da rasuwa, shi kuma Basquiat miyagun ƙwayoyi suka kashe shi a 1988 yana ɗan shekara 27. Kuma a lura, wancan zanen na Basquiat a kan ƙyallen zane ya yi shi, ba a katangar wani ba.

To, mu dawo gida. Abin da ya fi ba ni mamaki da nake wannan nazari shi ne yadda hanyar Sinawa ta yi kama da wadda muka taso a ciki. Wanene a cikinmu bai riƙe alƙalamin gamba ba, bai dama tawada da gawayi da ƙaro a kurtu ba, bai bi sawun hannun malam a allo ba? Mu ma kullum rubutawa muke mu wanke, mu sake rubutawa. Mun san zayyanar allon sauka, mun san alarammomin Kano da Borno masu rubuta Alƙur'ani da ka. Musulmin ƙasar Sin ma suna da nasu salon, kuma Haji Noor Deen, wanda aka haifa a lardin Shandong a 1963 ya kuma yi karatu a Masar, ya shahara a duniya da rubuta Larabci cikin sigar rubutun Sinawa. Ado a bango ma namu ne. Duk wanda ya je Damagaram ko Zariya ya ga gidajen da magina suka yi wa dagi da zayyana, wasu har da hoton keke da mota, kuma mai gida ne ya kira su ya biya. Ga masu rubutun jikin manyan motoci da allunan shaguna. A Akra kuma tun 2011 ake bikin Chale Wote, wanda ya fara a unguwar Jamestown, inda samari ke zane a bango da rana tsaka jama'a na kallo. Ashe yaranmu ba su rasa gado ba, mu ne ba mu haɗa su da shi ba, sai suka ɗauko na waya.

Da wannan na koma wajen Alhaji. Na ce, "Alhaji, haƙƙinka ne, kuma dole yaron nan ya gyara. Amma in aka tsaya a duka, gobe katangar wani zai je, sai dai ya ƙara iya gudu." Ya ce, "To Malam, me kake gani?" Abin da aka tsayar shi ne, yaro ya sake fente katangar da hannunsa, iyayensa suka sayi fentin. Bayan haka Alhaji ya ce akwai ƙofar shagonsa ta ƙarfe da ke bukatar suna, zai ba shi, da sharaɗin ya fara zanawa a takarda ya kawo a gani, kuma ya riƙa zuwa wajen wani mai rubutun alluna da ke bakin kasuwa ran Asabar da Lahadi. Takarda ta farko da ya kawo Alhaji ya juya ta sama da ƙasa ya mayar masa, ya ce shi yana son abokan ciniki su gane shagon wa suka zo. Ta biyu ma ba ta shiga ba. Yanzu ana kan ta uku, mai alluna kuma ya gaya mini cewa yaron yana da hannu, gaggawa ce ta yi masa yawa.

Kirana ga shugabannin zango da ƙungiyoyin matasa shi ne, kusan kowace unguwa tana da katangar da ba ta da aiki sai tallan magani da hotunan 'yan takara da ake liƙawa ba tare da an tambayi kowa ba. A nemi yardar masu ita, a ba yaran nan, a sa babba a kansu, a kuma nuna musu allon zayyana su ga abin da kakanninsu suka iya. Ku kuma samari, bangon masallaci da na makaranta da gidan maƙwabci ba wurin gwaji ba ne. Mai son ya gwada hannu ga takarda, ga allo, in ma ya rasa ga ruwa ga daɓe.

Wanda ke da irin wannan labari a unguwarsu, ko yake ganin na yi wa yaron sassauci da yawa, ya rubuto mana, za mu buga.